Masu Injin Fito a Gulbin Zamfara

Da rani Gulbin Zamfara ba ya ba kowa tsoro. Yaro ma naɗe wando yake yi ya tsallaka. Amma bari Agusta ta kama, ruwa ya gangaro ta ƙasar Anka, ya ratsa Bukkuyum, ya iso Gummi a hanyarsa ta zuwa Jega. Ranar ce manomin da gonarsa ke hayi yake tuna cewa mai fito ɗan'uwansa ne. Gora da filafili ba su bar aiki ba har gobe, masu inji kuwa ba su da yawan da halinsu zai ɓuya. Injin kusan iri ɗaya ne, Yamaha mai ƙarfin doki 15 ko 40. Masu shi ne kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Akwai mai sallamar inji da azahar ɗin kaka. Ruwa na janyewa zai saɓo shi, ya jingine a zaure da sauran fetur a cikinsa, ya rufa masa tsohon buhu. Wata bakwai ba ko leƙe. Fetur ya bushe ya zama danƙo a cikin kafireta, zanzaro ya yi gini a hanyar ruwa, kaza ta ƙyanƙyashe a gindinsa. Ranar da gulbi ya kawo, sai ka gan shi yana fizgar igiya har kafaɗa ta gurɗe, yana cewa, "Wanga inji lahiya lau na aje shi bara!" Ƙarshen bincikensa kullum ɗaya ne: an yi masa hannu.

Sai marowacin baƙin mai. Irin wannan inji ba ya shan fetur tsura, cakuɗa masa ake yi, kamar lita 1 ta mai a lita 50 ta fetur. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, mutumin nan yake ɗiga man kamar mai sa kwalli. In ya ƙare, ya je ya roƙo wanda aka juye daga babur. Feturin kuma na bumburutu ne, wanda ƙasan jarkarsa ruwa ne da tsatsa. Yana tattalin na murfin gora, ranar da fistin ya kama zai sayar da ɗan maraƙi. Yana da ƙane mai kishiyar hali, wanda ke kwarara mai kamar miyar biki. Shi ba a tambayar inda ya nufa, hayaƙi ne ke ba da labari, filoginsa kuma kullum baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Bakanike ya cancanci a ɗan zauna a rumfarsa. Asalinsa mai gyaran babur ne, daga baya ya ƙara da injin niƙa, da janareta, da injin ban ruwa na 'yan fadama, don haka a ganinsa duk abin da ke shan fetur jikansa ne. Ciwo ɗaya ya sani a duniya: filogi. Inji ya ƙi tashi, filogi. Farfela ta lanƙwashe, a fara duba filogi. Zai kwance shi, ya kankare da reza, ya hura masa baki, ya ɗaga sama yana kallo kamar mai duban wata. In ya haɗa injin aka ga ragowar noti uku a tabarma, sai ya ce Japanawa ne suka cika almubazzaranci. Babban laifinsa shi ne gwaji a tudu. Cikin ƙafar inji akwai 'yar robar da ke zuƙo ruwa don sanyaya shi, in ta juya a bushe, minti ɗaya ya ishe ta ƙonewa. Shi kuwa sai ya ba shi wuta a ƙarƙashin darbejiya don mai shi ya ji daɗin ƙara.

Mai noman gulbi kuma ba ya ɗaga ƙafar inji a ruwa mai ƙaranci. Farfela na huɗar rairayi, yashi na cin robar, shi yana gaisawa da mutanen bakin gaɓa. Alhali injin ba munafuki ba ne. Yana da ɗan tsirkin ruwa da yake fitarwa ta baya, wanda masu abin ke kira fitsari. Muddin yana fitsari lafiyarsa ƙalau, in ya ɗauke a kashe shi nan take. Waiwaye kawai ake nema, mutumin nan kuwa wuyansa ba ya juyawa sai an kira kuɗin fito.

Kada a manta da fasinja masani, wanda ya taɓa zuwa Yawuri sau ɗaya. Inji na yin tari zai miƙe tsaye ya ba da fatawa, jirgi ya karkata.

Na gaba ba abin dariya ba ne. Shi ne mai "akwai wuri". Mutum, buhun taki, babur, akuya, duk akwai wuri, har ruwa ya rage taƙi ɗaya ya sha bakin jirgi. Ba injin da ke gyara wannan. Ranar Asabar 14 ga Satumba 2024, kwale-kwale maƙare da manoma ya kife kusa da garin Gummi, mutane gommai suka rasu a hanyar gonakinsu. Allah ya jiƙansu. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare, ta wajabta rigar ceto, amma doka tana hedkwatarta a Lakwaja, gulbi yana Gummi.

Na bar dattijona a ƙarshe. Injinsa ya tsufa har fentin ya goge. Da kaka yakan bar shi ya shanye feturin cikinsa kafin ya rataye shi a tsaye, ya juye man giya, ya kwance zaren koma da ya naɗe a bayan farfela. Aljihunsa ba ya rabuwa da sabon filogi a ƙulle cikin leda. Na taɓa tsokanarsa, na ce, "Baba, ga inji, me filafili ke yi a jirgi?" Ya ce, "Ɗana, inji baƙo na, wanga ko tare muka tashi." In ya ƙirga mutanensa suka cika, ko hakimi ne sai ya jira sawu na biyu. Ana ce masa mai taurin kai. Ni dai jirginsa nake jira, ko da kasuwa za ta watse.