Bushiya a Fadar Zaki

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata Bushiya ce mai nauyin baki. Ko sannu aka ce mata sai ta dunƙule, ta bar mutum yana gaisawa da ƙaya. Ba ta fita sai dare ya raba, ta yi kiwon ƙwarinta, ta koma rami kafin asuba.

Ana nan, sai geron rumbun Sarki ya fara raguwa. Gizo ya je fada da tsamin bakinsa, ya ce ai Kurege ne ɓarawon. Zaki ya sa aka ɗaure Kurege, ya ce ranar kasuwa za a yanke hukunci. Alhali Bushiya ta ga komai: Gizo ne ya huda gindin rumbu, matarsa Ƙoƙi tana tara ƙwarya.

Abin ya hana Bushiya sakat, ga shi ba ta iya magana a fada ba. Ta je wurin Aku neman taimako. Aku ya yi ta zuba mata kirarin sarakuna har la'asar, ta tashi da ciwon kai, ba ta riƙe ko ɗaya ba. Sai ta nufi gidan Kunkuru.

Kunkuru ya ce, "'Yata, ni ma na san daɗin ɓuya, ɗakina a bayana yake. Ki bar zancen fada tukuna. Gobe da safe ki gaida mutum ɗaya."

Ta ce, "Baba, in muryata ta yi rawa fa?"

Ya ce, "Ta yi rawarta. Mai amsa gaisuwa ba alƙali ba ne."

Washegari ta tari Zomo, ta ce, "Ina kwana?" Kafin ya amsa ta dunƙule. Daga cikin ƙaya ta ji ya ce, "Lafiya lau, ina gajiya?" Ba abin da ya same ta. Kwana na biyu ta tsaya har aka gama gaisuwa. Na uku Kunkuru ya ce ta ƙara da tambaya ɗaya, ta kuma saurari amsa. Ta tambayi Barewa ya yara. Barewa ta yi ta ba da labari, ta tafi tana cewa Bushiya akwai daɗin hira.

Daren kasuwa Kunkuru ya ce, "Abu uku za ki faɗa: abin da kika gani, inda kika gani, da lokacin. Ki maimaita mini har bakinki ya saba."

Fada ta cika. Bushiya ta fito jiki na ɓari, ta faɗi ta yi gaisuwa. Kura ta ƙyalƙyale da dariya. Bushiya ta ja numfashi, ta dubi Zaki shi kaɗai, ta ce, "Ranka ya daɗe, Gizo na gani yana ɗibar gero, ta gindin rumbu wajen gabas, bayan zakaran farko."

Gizo ya hau rantse-rantse. Zaki ya aiki Dila, ya tarar da rami an toshe shi da tsumma. Kafin ya dawo, Gizo ya haye rufin ɗaki.

Aka kwance Kurege. Da yamma ya kawo wa Bushiya gyaɗa don godiya. Ita ta fara yi masa sannu da zuwa, ta shimfiɗa tabarma, suka yi hira har magariba.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.