Bayani a Kan Shiƙa da Halin Iska a Ƙasar Gwaram

Sarrafa iska da hannu domin biyan wata bukata, wanda ake kira fifita, aiki ne mai rassa da yawa a kudancin Jigawa, yankin da ya kasance cikin Jihar Kano har zuwa shekarar 1991. Akwai fifitar sarauta da ake yi da figini, wato mafici na gashin jimina, wanda Tarihin Kano ya danganta shigowarsa ga Sarki Muhammadu Rumfa, da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Akwai ta mai tsire a bakin titin Birnin Kudu, inda maficin kaba ke tayar da garwashi. Akwai kuma bakace, wato kaɗa faifai domin raba dusa da tsaba bayan surfe. Shiƙa ta bambanta da waɗannan duka, domin a cikinta mutum ba ya kawo iskar da kansa, jiranta yake yi, ita kuwa ba ta karɓar umarni daga kowa.

Ƙa'idar shiƙa ba ta da wuya. Bayan sussuka, wato bugun zangarniya har ƙwaya ta rabu da ita, mai shiƙa takan ɗaga ƙwarya sama tana tsiyayo hatsi zuwa wata ƙwaryar a ƙasa, tsaba ta faɗi saboda nauyinta, ƙaiƙayi kuma, wato ɓawon da ke lulluɓe da ƙwayar, iska ta tafi da shi. Tunda iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa tsakanin Nuwamba da Fabrairu, littafi ya nuna cewa kudu maso yamma ƙaiƙayi zai nufa. Da wannan ilimi ne marubucin wannan bayani, wanda malamin makaranta ne, ya karɓi ƙwarya a masussukar dawa ta ƙauyen surukansa a ƙasar Gwaram, sanye da babbar rigar shadda sabon bugu, bayan ya lura cewa matan da ke shiƙa sun tsaya a ɓangaren da ya saɓa wa taswira. Abin da littafin bai ambata ba shi ne cewa ƙasar nan ta duwatsu ce, irin Dutsen Habude da Dutsen Mesa waɗanda tsofaffin zane-zanen jikinsu suka sa Birnin Kudu ta yi suna, kuma iska in ta bugi dutse takan kewayo ta ɓullo ta inda ta ga dama.

Abin da ya biyo baya bai wuce ƙiftawar ido ba, amma ya cancanci a bi shi daki-daki. Marubucin ya ɗaga ƙwaryar har sama da hularsa, lamarin da ya sa hannayen rigar suka buɗe kamar bakin buhu, sannan ya karkata ta, ya kuma buɗe baki domin ya bayyana wa matan ma'anar arewa maso gabas. A daidai wannan gaɓa iskar ta iso daga inda matan suka san za ta iso. Kashin farko na ƙaiƙayin ya shiga bakin, na biyu ya bi ta wuyan riga da hammata ya gangara har tazuge, na uku kuma ya zauna a gira da gemu. Idan aka sake nazarin lamarin za a ga cewa mafi muninsa shi ne rabin dawar yana cikin ƙwarya tukuna, kuma dawar ta surukarsa ce, wadda ba ta yiwuwa a watsar da ita a ƙasa, saboda haka ya ci gaba da tsiyayowa a hankali, ido rufe, yana shiƙa wa kansa har ƙwayar ƙarshe.

A nan ne kunya, wato al'adar da ta hana mutum ko cin abinci a gaban surukarsa, ta shigo cikin maganar, domin ƙaiƙayin dawa ya fi cizo a wuraren da ba a sosawa a gaban kowa, balle a gaban wadda ta haifi matar mutum. Ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ta ce da wata yarinya, "Ku ce wa baban yara sannu da aiki, ya ajiye ƙwaryar haka nan."

Gudummawa mafi daraja ta fito ne daga wani dattijo da ke jingine da kekensa yana cin goro, wanda ya ga komai tun farko bai ce uffan ba. "Malam, kada ka motsa," in ji shi. "Tunda iska ce ta kawo, tsaya nan har ta juyo ta kwashi kayanta." Marubucin ya ce, "To, Baba," ya tsaya hannuwa a buɗe, iskar kuwa ta ɗauke ɗif. Dattijon ya ƙara da cewa sosawa ce ke tsananta abin, don haka gara malam ya mai da hankalinsa kan wata damuwar, misali bashi idan ana binsa. Da ya ga wannan ma bai yi ba, sai ya daka wa 'yan mata tsawa, "Ku fifita malam mana!" Suka kewaye shi da faya-fayai suna kaɗawa da iyakar ƙarfinsu, wanda ya tayar da tulin ƙaiƙayin da matan suka tara tun safe, ya mayar da shi kan wanda ake yi wa jinya. Dattijon ya dube shi sama da ƙasa, ya hau kekensa, ya ce shi dai a saninsa ba a shiƙa da babbar riga.

Ana roƙon duk wanda ya san yadda ake fitar da ƙaiƙayin dawa daga aikin wuyan riga ba tare da an warware ɗinkin ba ya sanar da marubucin kafin Juma'a, domin rigar ta wansa ce, kuma labari bai kai masa ba tukuna.