Ɗan Bature Ma Ya San Dawa

Na san abin da za ku ce tun kafin in buɗe baki. Ranar da na fara ba da labarin nan a majalisarmu ta ƙofar masallaci, ban kai rabi ba wani dattijo ya gyara zaman hularsa ya ce, "Malam, tafiya mabuɗin ilimi ce, amma wani sa'in har ƙarya tana buɗewa." Aka kwashe da dariya. Wai ni ne zan ce musu Bature, wanda a ganinsu ko kaza bai iya fige wa gashi ba, shi zai tashi 'yarsa da asuba su saɓi bindiga su shiga dawa. To ku ma ku yi taku dariyar ku gama, ina nan ina jiranku.

A jihar Wiskonsin ta Amurka na gani, inda na taɓa zama a birnin Madison. Kafin wani ya ce na ƙirƙiri garin, can ne Neil Skinner, mai Kamus na Turanci da Hausa da kuka yi ta buɗawa a makaranta, ya daɗe yana koyar da Hausa. A jihar, kowace shekara ana buɗe farautar barewa da bindiga ranar Asabar ɗin da bikin godiyarsu ke bi mata baya, a watan Nuwamba, a rufe bayan kwana 9. Mutum sama da rabin miliyan ke fita. A jihar Mishigan kuwa ko ɗan yaye ya san 15 ga Nuwamba ce ranar buɗe tasu farautar. A Pensilbeniya an yi shekara da shekaru makarantun karkara suna rufewa ranar buɗe farauta, don ko an buɗe, daga ɗalibai har malamai ba wanda zai zo. Ku da kuke zaton hutun sallah kaɗai ake yi wa ɗoki.

Na hango wani mai gilashi can baya ya ɗaga hannu: "Ai ba barewa ba ce." Allah ya ƙara ilimi, Malam, ka yi gaskiya. Tasu ƙahonta rassa gare shi kamar busasshen itace, namiji ne ke da shi, kuma duk shekara yakan zube wani ya tsiro. In ta firgita sai ta ɗaga wutsiya, farin ƙasanta ya bayyana kamar tuta. Babu irinta a dajinmu. Amma tunda ba ka kawo mana wani suna ba, barewa za mu ci gaba da kiranta, ka sauke hannunka.

Maƙwabcina ne ya gayyace ni, wani mai gyaran injin ɗumama ɗaki, da 'yarsa mai shekara 11. Ni kuma na amsa da ƙarfin gwiwa, har da ba shi labarin kakana maharbi ne. Ƙarfe huɗu na asuba muka fita. Sanyin da na sha a ranar, in an gwada shi da hunturun Jos, sai ku ce Jos ɗakin gashi ne. Suka ɗora mini riga da hula ruwan lemo mai ƙyalli, na koma kamar mai ba da hannu a titi. Na ce, wace barewa ce za ta tsaya wa mutum a wannan shiga? Yarinyar ce ta ba ni amsa: idon barewa ba ya rarrabe wannan launi sosai, idon mutum kuwa tun daga nesa yake hango shi, kuma wanda ake tsoro a dajin nan mai bindiga ne ɗan'uwanka. Dokar jiha ce ta wajabta sakawa. A 2016 har suka halatta ruwan hoda, don wanda lemo bai yi masa ba.

Ku kuma in an ce farauta, kun riga kun ji ganga, kun ji kirari, kun ga gora da karnuka da 'yan tauri suna wasa da wuƙa, gayya guda a bayan mota. Nan babu ko ɗaya. Wata 'yar bukkar katako muka hau, an kafa ta a kan ƙafafu a gefen gonar masara, mu uku, muka zauna dako. Ba magana, ba motsi. Bayan awa ɗaya yatsun ƙafata suka yi sallama da ni. Bayan awa biyu tari ya taso mini, na danne, na danne, ya ƙwace. Yarinyar nan ta juyo ta yi mini wani kallo, irin wanda uwargida ke yi wa amaryar da ta fasa tulu. Jikan maharbi ya sunkuyar da kai.

Can rana ta ɗan ɗaga, sai ga wani namiji ya fito daga kurmi, yana taku ɗaiɗai, yana ɗaga hanci. Na ga hannun yarinyar yana rawa, numfashinta na fita da hayaƙi kamar tukunya. Uban ya dafa kafaɗarta, bai ce komai ba. Ta sa ido a madubin bindiga, ta daɗe. Ni a zuciyata ina ta cewa harba mana, harba! Sai kawai ta sauke. Dabbar ta kaɗa wutsiya ta shige abinta. Na kusa yin kuka. Da na tambaya, cikin raɗa ta ce, "Akwai rufin gida a bayansa." Na ƙura ido da kyau, sai ga shi kuwa, can nesa tsakanin itatuwa. Cikin ƙa'idojin da ake haddace wa yaransu akwai wannan: ka tabbatar da abin da za ka harba, ka kuma tabbatar da abin da ke bayansa. Uban ya fi murna da wannan a kan barewar da ta samu da yamma.

E, ta samu, ku kwantar da hankalinku. Mace ce, harbi ɗaya. Da muka isa kanta yarinyar ta tsuguna, ta shafa wuyanta, idonta ya ciko. Uban ya bar ta har ta gama, sannan ya miƙa mata ƙafar baya ya ce ta riƙe, shi kuma ya fara farke ciki yana nuna mata zuciya da hanta. Kafin mu bar dajin ya ciro waya ya shaida wa hukuma an kashe barewa ɗaya, a wuri kaza, da lambar takardar izini. Naman suka cika firiza da shi, za a ci har bazara. Hajiya, na ga tambayar a bakinki: a'a, ban ci ba, babu wanda ya yi bisimilla. Shayi da burodi na sha, su ma ba su ji haushi ba. Kar ki tambaye ni to me ya kai ni.

Iyaye mata, ku ne kawai ba zan yi wa gardama da yawa ba. Yaro da bindiga abin faɗuwar gaba ne, su ma can sun yi ta sa-in-sa a kai, musamman a 2017 da Wiskonsin ta cire ƙayyade shekaru gaba ɗaya ga yaron da ke farauta tare da babba. Sharaɗin dai yana nan: babban ya kasance kusa da yaron inda hannunsa zai iya taɓa shi. Wanda zai fita shi kaɗai kuwa, in dai an haife shi daga 1973 zuwa yau, sai ya shiga aji ya ci jarrabawa. Ni dai a ganina cire shekarun ya yi yawa. Amma ku da kuke ba ɗan shekara 12 makullin babur ya kai ƙannensa uku islamiyya, ku sassauta murya kaɗan.

Yanzu ga wadda za ta fi yi muku wuyar haɗiya. Duk wannan harbi da ake yi, barewar ƙaruwa ta yi. Wajen 1900 'yan kasuwar nama da fata sun kusa gamawa da ita, abin da ya saura a faɗin ƙasar bai wuce rabin miliyan ba. Aka hana cinikin naman dawa, aka yanka wa farauta lokaci, aka ƙayyade wa kowa adadi. A 1937 aka yi dokar da ta sa harajin bindiga da harsashi ya riƙa tafiya wajen kula da namun daji. Yau ana maganar wajen miliyan 30. Ta yi yawa har ta zama fitina: tana cinye amfanin gona, kuma motoci suna karo da ita fiye da sau miliyan ɗaya a shekara. Kerkecin da ke rage ta a da an kore shi daga yawancin jihohi, shi ya sa hukuma da kanta take lallashin iyaye su fito da 'ya'yansu, don maharban tsufa suke yi.

Mu kuwa da muka gaji abin kaka da kakanni, muna da Sarkin Baka, muna da Sarkin Dawa, muna da laya da warki, in rani ya yi sai mu cinna wa daji wuta, mai ciki da mai shayarwa da ɗan da aka haifa jiya duk a jefa a buhu. Kullum bakinmu na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To dattijon majalisa, kai da ka ce na yi ƙarya, yaushe rabonka da ganin barewa tana gudun? Kar ka ce mini gidan zu na Kano, waccan a tsaye take tana jiran a miƙo mata ganye.

Da na faɗa masa haka sai ya yi shiru, ya tauna goro, can ya ce shi a ƙuruciyarsa ya taɓa kama gada da hannu, da gudu. Babu wanda ya yi dariya a majalisar sai ni.