Kowa da Baiwarsa, Tsintsiya Ce Marainiya

Duk ranar da Fasto ya ce kowa ya binciki kansa ya gano baiwar da Ubangiji ya yi masa, kafin a ce amin rabin majami'a sun gama bincike. Sakamakon kuma bai wuce biyu ba: waƙa ko wa'azi.

Baye-baye bakwai Manzo Bulus ya jero wa Romawa a sura 12, har da hidima da bayarwa da jinƙai, bayan ya ja kunne kada kowa ya kai kansa inda Allah bai kai shi ba. Da alama a Littafi Mai Tsarki na wasunmu, daidai nan gara ta ci.

Ga Baba mai waƙa ta musamman. Yakan fara da roƙon kada a saurari muryarsa, a saurari saƙon. Roƙon da ba ya karɓuwa ke nan, don muryar ta riga saƙon isowa. Mai jita na lalube, mai ganga ya sallama, Zumuntar Mata sun rungume tulunansu suna kallon silin. Da an tashi sujada sai a yi masa layi: "Baba, yau kam mun sami albarka, Allah ya ƙara baiwa." Katsina ɗakin kara ce, wa zai dubi furfura ya ce mata ta saki layi? Mu da bakinmu muke yin rajistar waƙar mako mai zuwa. Mutum ɗaya ke aiki da gaskiya a wurin, yaron da ke kula da lasifika. Ba ya gardama da kowa, a hankali yake murɗa abinsa ƙasa.

Sai ɗan'uwan da aka ba minti biyar ya yi sanarwa, ya soma daga Farawa. Shinkafar Lahadi ta ƙone a gidaje, shi bai fita daga Masar ba.

Masu ɓoye baiwarsu sun fi ba ni haushi. Mutum akanta ne, Litinin zuwa Juma'a yana juya miliyoyi. A ce ya riƙe littafin baiko, sai tawali'u ya sauko masa: "Ranka ya daɗe, ni wa? Bari in yi addu'a a kai tukuna." Kirsimeti uku ke nan ba a amsa ba. Mai gyaran wuta kuma na zaune ƙarƙashin matacciyar fanka yana fifita da takardar sanarwa.

Alhali aikin mishan a ƙasar nan da hannu aka san shi. A shekarun 1930 'yan SIM, waɗanda ECWA ta fito daga cikinsu a 1954, gyambon kutare suke wankewa a Babbar Ruga ta Katsina. Yau a nemi mai baiwar kakkaɓe benci ranar Asabar cikin ƙurar hunturu, sai ka ji kowa na da asma.

Bayarwa kuwa kowa na hango ta sarai, a jikin maƙwabcinsa. Kwanan baya wani Fasto ya ce masu wannan baiwa su ɗan tsaya bayan sujada, kwanon rufi na yoyo, damina ta ƙarato. Mutum biyu suka tsaya. Ɗaya barci ya kwashe shi, ɗayan kuɗin Keke Napep yake nema.