Gobirawa, Ku Zo Ku Ji Labarin Wani Tsibiri

Kafin wani dattijon Tsamaye ya ce ya sha zuwa can sayen awaki, bari in yi saurin cewa ba Tsibirin Gobir na kusa da Maraɗi nake nufi ba. Wannan sunansa Aogashima, a ƙasar Japan yake, tsakiyar teku, kilomita fiye da 350 kudu da Tokyo. Mutanen cikinsa duka ba su kai 200 ba. Ko taron sunan ɗan fari a Sabon Birni ya fi su yawa.

Na san abin da za a ce a majalisa: "Wanga zance ƙarya ta! Mutum ɗari da 'yan kai har da gari?" To Baba, gyara zama, ba a kai wajen musun ba tukuna. Tsibirin gaba ɗayansa dutse ne mai aman wuta, kuma a jikinsa suka gina gidajensu. Akwai wuraren da tururi ke fitowa daga ƙasa dare da rana. Mutum ya zo da ƙwai da kudaku, ya zuba a tukunyar da aka girke a kan tururin, ya tafi harkarsa, ya dawo ya tarar sun nuna. Babu icce, babu hura wuta, babu hayaƙi a ido. Da wannan zafin suke ƙafe ruwan teku su fitar da gishiri. Inna, na ga kin fara sha'awa, amma ki bari mu ji hanya.

Sai ka fara isa wani tsibirin, Hachijojima. Daga nan ko ka hau jirgi mai saukar ungulu mai cin mutum 9, tafiyar kamar minti 20, ko ka jira jirgin ruwa, wanda sau da yawa igiyar ruwa ke hana shi tashi. Baƙo kan je da niyyar kwana biyu, teku ta ƙara masa. Mutumin Isa da ya taɓa zama bakin gulbi da damina yana jiran ruwa ya janye ba zai yi mamakin wannan ba.

"To mi ya zaunar da su?" Ku ne ma masu wannan tambaya? A 1785 dutsen ya yi aman da ya kashe mutum fiye da 100, sauran suka tsere Hachijojima. Sun yi kusan shekara 50 a garin mutane, aka zaci sun haƙura. Ina! Suka tattara komatsansu suka koma kan dutsen da ya kore su. Ku kuma da Alƙalawa ta faɗi a 1808, kun watse ne? Wajen 1836 kuka kafa Tsibiri, daga baya ga Sabon Birni, har yau kuna nan da zanenku a kumatu. Taurin kai dai ba a Gobir kaɗai aka raba shi ba, sai dai ku kun riga zuwa wajen rabon.

Wanda ya ce sai ya gani da idonsa, bismilla. Ya nemi kujerar jirgin tun da wuri, don 9 ɗin nan ba a yi mata goyo kamar kabu-kabu. Kuma in an miƙo masa abin shan da suke yi da kudaku, ya ce ya ƙoshi. Giya ce, Alhaji, ba kunu ba.