Raggo Riƙe da Rago

A Dinawa an san ni da baki. In aka zauna gindin dogon yaro bayan La'asar aka ɗauko zancen ciwon dabba, ni nake karɓe fage. Malamin firamare ne ni, ban taɓa shiga ajin likitancin dabbobi ba ko da neman inuwa, amma ina da karance-karance, kuma Allah bai hore mini yin shiru ba. Nakan ma tuna wa mutane cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa ribaɗin Wurno kuma ya rasu a can a 1837, ya yi rubuce-rubuce kan magani har da na basir, don haka sanin ciwo gadon ƙasarmu ne. Abin da ba na faɗi shi ne, ni magajin nan ba na iya kallon mugunya. Ko maruru ne ya fashe a ƙafar yaro, sai in tuna ina da aiki a waje.

Shekaru ina rufe wannan asiri. Rago ne ya tona shi.

Uda ne, gaba baƙi baya fari, na sayo shi a kasuwar Achida wata huɗu kafin Babbar Sallah. Na ɗaure shi a turke ina ta ɗura masa harawa da dusa da ƙowar wake, ga kanwa a ruwan sha. Ya fara cika ido ke nan, wata safiya na ga wani ƙulli ƙasan kunnensa na hagu, daidai kusurwar muƙamuƙi. Da fari kamar goro. Bayan kwana shida ya kai ƙwan zabuwa.

Na kira uwargida na buɗe mata aji. Na ce kumburin fuskar tumaki iri-iri ne, kuma jahili ne kawai ke far masa da aska. Akwai na ruwa, mai taruwa ƙarƙashin haɓa, laushi tiɓis, wanda ake yawan gani ga dabbobin da ke kiwo a fadamar Rima daga madatsar Goronyo zuwa nan. Tsutsar ciki ko ta hanta ce ta shanye jinin dabbar, maganin tsutsa yake so, in ka tsaga shi ka yi sakiyar da ba ruwa. Akwai wanda ƙaya ko ƙarangiya ke haddasawa in ta soki kunci, ko haƙori ya ruɓe, shi wannan wari ke gare shi. Sai na uku, wanda na rantse shi ne na ragona: ƙwayar cuta ce ke shiga ta ɗan rauni a fata, ta bi ta sauka a kaluluwa, ta gina wa kanta ganuwa mai kauri. Shi ya sa allura ba ta cika kai mata ba. Mugunyarsa ba ta da wari, kauri gare ta kamar man goge baki, in ta daɗe a jikin tunkiya sai ta yi ɓawo-ɓawo kamar albasa, mu kuwa mutanen ƙasar Wurno ba a koya mana albasa. Na ƙara da cewa ƙwayar nan tana yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba, in ƙurjin ya fashe da kansa a turke to an shuka wa awakin gida ciwo.

Ta saurare ni har na kai aya. Sai ta ce, "To Malam, tunda ka san shi haka, ga reza nan saman taga."

Na ce bai nuna ba. Wannan gaskiya ce, ƙurji ɗanye ba a taɓa shi. Amma mako na zagayowa gashin wurin ya zube, fatar ta yi sheƙi, in ka danna sai ya lotsa. Ya nuna har ya gaji da nuna. Na ce rezar ta kwana a buɗe, sai sabuwa. Aka kawo sabuwa, na ce babu aidin. Aka sayo aidin, na ce ciwon yana iya kama mutum, sai da safar hannu. Kowace hujja da na kawo daidai take a ilmance, nan ne gwanintata. Ban taɓa fakewa da ƙarya ba, da gaskiya nake fakewa.

A cikin kwanakin nan na noƙe-noƙe, wanda nake kira bincike, na ci karo da labarin wata 'yar dabba ta dazukan Ostareliya da Niyu Gini. Kamar ƙaramin kurege take, nauyinta bai wuce na matsakaiciyar albasa ba, tana da fata shimfiɗe tsakanin hannu da ƙafa da take buɗewa ta yi shawagi daga itace zuwa itace, tana goyon 'ya'yanta cikin aljihun ciki. Saboda son zaƙinta har sunanta na Turanci da sukari aka haɗa shi. Mutane a Amurka da Japan suna ajiye ta a keji don sha'awa, su yi ta ba ta abinci mai laushi da zaƙi, haƙora su lalace, fuska ta kumbura ƙasan ido. Sai a kai ta asibiti, likita ya shaƙa mata iskar barci, ya tsaga, ya wanke, ya cire haƙorin in shi ne tushen, ya sa mata wani abin wuya kamar mazurari don kada ta ciji ɗinkin. Na kai labarin majalisa aka yi ta dariya, wai ɓera ya samu gata. Ni ma na yi dariyar. Amma a zuci hassada nake yi wa mai dabbar, don duk wannan aiki da ake yi yana zaune ne a waje kan kujera, ƙofa a rufe.

Inna ce ta kawo ƙarshen binciken. Ta shigo ta dubi ragon, ta dube ni, ta ce a kira wanzami ya yi masa sakiya. Na tashi tsaye na yi jawabi kan haɗarin ƙarfe mai zafi kusa da jijiyoyin wuya, na ce sai dai malamin dabbobi. A lissafina, kafin a samo shi an ƙara kwana uku. Washegari da hantsi sai ga shi bisa babur.

Mutum ne marar yawan magana. Ya sa aka fitar da ragon bayan gida nesa da awaki, ya aske gefen ƙurjin, ya goge da aidin, ya soka allura ya zuƙo kaɗan don ya tabbatar mugunya ce ba jini ba. Sannan ya ce, "Wa za ya riƙe min kai?" Duk gidan aka juyo gare ni. Yara sun taru, maƙwabta biyu sun leƙo ta katanga, waɗanda suka sha karatuna a gindin dogon yaro.

Na kama ƙahonin. Bakina bai tsaya ba: ina ce masa a tsaga ta ƙasa don ruwan ya samu gangara, kada a ɗinke, a bar shi ya warke daga ciki. Ya ce, "Haka ne, Malam." Ya ja wuƙarsa sau ɗaya, ya matsa. Na ga abin ya fito, fari mai ɗan kore, yana murɗewa a hankali, daidai yadda na siffanta wa uwargida, ko kuskure babu. Na tuna har na ji daɗin hakan. Daga nan kunnuwana suka ɗauki ƙugi, katanga ta karkata.

Na farka jiƙe sharkaf, uwargida tsaye kaina da buta, hulata cikin kwanon dusa. 'Yata mai shekara tara ce riƙe da ƙahonin, ta dafe kan ragon da gwiwa, tana kallon aikin kamar ana yanka kabewa. Inna ta ce, "Yau na ga raggo riƙe da rago. Shi anka tsaga, kai anka zuba ma ruwa."

Ina kwance na fara bayyana musu cewa ba tsoro ba ne, bugun zuciya ne ke raguwa jini ya kasa hawa kai, kuma yana samun har manyan sojoji. Babu wanda ya tanka.

Malamin ya wanke ramin ƙurjin da ruwan aidin har ya fito garau, ya tattara mugunyar da audugar ya ƙone a rami ya binne, ya fesa shuɗin magani saboda ƙuda kada su sa tsutsa. Ya ce a ware ragon har bakin ya rufe, a riƙa wankewa safe da yamma, kuma allurar da ya yi masa kada a ci naman sai kwanakin da ke jikin kwalbar sun cika. Duk wannan bayani 'yata ya yi wa. Da zai tafi ya karɓi kuɗin rago, ya ce nawa suman kyauta ne.

Cikin mako uku wurin ya warke, sai tabo. Na je wurin liman na tambaya ko tabon ƙurji na hana layya, ina fatan a ce ya hana in sayar in huta. Ya ce tunda ya warke kuma ragon na da ƙiba, ba komai.

Ran Sallah na wakilta ƙanena yanka, na tsaya a filin Idi ina gaisawa da mutane har da waɗanda ba ma shiri. Na dawo an feɗe, ana fiƙe sandunan da za a tsire shi a jingina ga wuta. Ganin aiki ya wuce sai baki ya dawo mini. Na ce irin wannan ciwo yakan ɓuya a huhu da hanta, wajibi ne mai ilmi ya duba kayan ciki kafin a kai tukunya. 'Yata ta ɗauko tasar da hannu biyu ta nufo ni, ta ce, "Baba, ga su, duba." Nan take na tuna ban je gaida surukaina ba.