Masu Ƙirga Taku a Ɗanzomo

A ƙasar Gumel, in aka ga magidanci yana gudu da sassafe, ko gobara ce ko ɓarawo. Tun da waya ta koyi ƙirga taku kuwa, masu gudun sun ƙaru, kuma kala-kala ne.

Akwai Malam Dubu Goma. Ma'aikaci ne, ya dawo daga Dutse da agogo mai ƙirga taku, ya riƙe taku dubu goma a kullum kamar farilla. Kada ka soma gaya masa cewa adadin ya samo asali ne daga tallan wani kamfanin Japan da ya fito da na'urar ƙirga taku a 1965, sai ku ɓata. In magariba ta yi da sauran dubu uku, za ka same shi a kan tabarma yana ta kaɗa hannu, uwargida na zaton sauro yake kora. Ran da ya hau amalanke zuwa gona, gargadar hanya ta cika masa lissafin tun kafin hantsi, ya wuni yana yi wa kansa kirari. In caji ya ƙare kuwa ko ƙofar gida ba ya leƙawa, don a wurinsa tafiyar da ba a ƙirga ba asara ce.

Sai ɗan gaye mai gudun daji. Ya ga Turawa a Facebook suna haye duwatsu a guje, ya sayi farin kambas ya nufi burtali. Mu nan ina muka ga dutse? Rairayi ne da ƙarangiya. Gudun minti biyar, hoton minti ashirin, sauran safiyar kuma a gindin gawo yana tsince ƙaya daga safa. Da aka ba shi labarin Abebe Bikila, ɗan Habasha da ya cinye gudun kilomita 42 a Rum a 1960 ba takalmi, sai ya ce ai Rum ba ƙarangiya. Ni dai a nan na ba shi gaskiya.

Alhaji mai ciwon sukari ya fi kowa biyayya. Likita ya ce masa ya riƙa motsa jiki na minti 150 a mako, yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, wato rabin awa sau biyar. Bai taɓa fashi ba. Matsalar kawai, rabin awar tana ƙarewa daidai teburin mai shayi: kauri, madara, burodi da ƙwai.

Likitan WhatsApp shi ba ya motsi. Zogale, tafarnuwa da zoɓo yake rubuta wa kowa, daga hawan jini har sanƙo.

Babban abokin gabar dukansu shi ne mai tausayi. Kana cikin tafiyarka zai taka birki: "Ranka ya daɗe, lafiya? Mashin ɗin ne ya lalace? Hau mu je." Ka ce motsa jiki kake, ya ce, "Haba Alhaji, da girmanka!" Kunya ta sa ka hau.

Duk wannan bidiri, 'yan koran shanu suna wucewa da sanda da gora, za su ci kasuwar Maigatari ta Alhamis, ba wanda ya taɓa tambayar su taku nawa suka yi. Malam Dubu Goma, ka ba ɗayansu aron agogon ranar Laraba, ka karɓi abinka Juma'a, ka huta da kaɗa hannu har mako mai zuwa.